Marasa adireshi: Tarihin masu ɗare jirgin kaya a Amurka da yadda hukumomi suka yi da su

Ranar 25 ga Maris, 1931, wani jirgin ƙasa na dakon kaya mallakar kamfanin Southern Railway ya tashi daga Chattanooga ta Jihar Tennessee zuwa Memphis, ta hanyar da ke ratsa arewacin Jihar Alabama. Babu taragon fasinja ko ɗaya a jikinsa, amma akwai mutane sama da ashirin da suka ɗare shi a ɓoye, baƙaƙe da farare, mafi yawansu matasa masu neman aiki.

A hanya faɗa ya kaure tsakanin wasu samari farare da baƙaƙe. Fararen da aka tilasta wa sauka suka kai ƙara tashar Stevenson. Kafin jirgin ya isa ƙauyen Paint Rock, tuni mutane ɗauke da bindigogi sun yi cirko-cirko suna jiransa. Nan aka sauko da samari baƙar fata tara, ƙaraminsu bai wuce shekara 13 ba, kuma babu wanda ya haura 20. Aka kuma tarar da wasu mata biyu farare, ma'aikatan masaƙa daga garin Huntsville, waɗanda su ma dokar hana gararamba na iya hawa kansu. Matan suka ce samarin sun yi musu fyaɗe.

Kwana 12 bayan haka aka fara shari'a a garin Scottsboro, sojojin jiha na tsare da kotu saboda taron da ke neman a miƙa masa yaran. Cikin 'yan kwanaki aka yanke wa takwas daga cikinsu hukuncin kisa.

Wannan shari'a ta zama ɗaya daga cikin mafiya shahara a tarihin Amurka, kuma akasari akan tuna da ita a babin wariyar launin fata. Sai dai akwai wata tambaya da ta riga ta: me ya kai yaro ɗan shekara 13 saman taragon kaya, nesa da gida, ba tikiti ba guzuri?

Su wane ne 'yan hobo?

Amurkawa na kiran irin waɗannan matafiya “hobo”, kalmar da ta fara yaɗuwa a yammacin ƙasar wajajen 1890. Asalinsu na tare da asalin layin dogo. Yaƙin basasa ya ƙare a 1865, ya bar dubban tsofaffin sojoji da suka saba da kwanan daji da hawan jirgi. A ranar 10 ga Mayu, 1869, aka haɗe layin dogon gabas da na yamma a Promontory da ke yankin Utah, ƙasar ta zama a ɗinke daga teku zuwa teku.

Yammacin Amurka na wancan zamani na da aiki mai yawa, amma aikin lokaci ne. Girbin alkama kan fara daga Oklahoma da Kansas a farkon bazararsu, ya yi ta hawa arewa har jihohin Dakota. Ana sarar itace a Oregon da Washington, ana tsinkar 'ya'yan itatuwa a Kalifoniya, ana shimfiɗa diga da haƙar ma'adinai a tsaunuka, a lokacin sanyi kuma a yanki ƙanƙara a tafkuna. Manomi na buƙatar hannaye hamsin na mako uku, bayan nan ba ya son ganin ko ɗaya a ƙofarsa. Wanda ya san ci-rani ya san wannan rayuwa, sai dai ɗan ci-rani na da garin da yake komawa in damina ta faɗi. Da yawa daga cikin 'yan hobo ba su da inda za su koma.

Su da kansu sun kasa mutanen hanya gida uku. Hobo shi ne mai yawo yana aiki. Na biyu mai yawo ne da ke gudun aiki. Na uku kuwa ya bar tafiya, ya tare a lungun birni, giya ta cinye shi. Ɗan hobo na jin zafi ƙwarai in aka haɗa shi da sauran biyun, amma a idon ɗan sanda duk kanwar ja ce.

Shikago, inda manyan layukan dogo suka haɗu, ita ce hedikwatarsu. Titin West Madison ya cika da gidajen kwana masu arha, da rumfunan abinci, da ofisoshin dillalan ƙwadago. Nels Anderson, wanda shi ma ya yi wannan rayuwa kafin ya shiga Jami'ar Shikago, ya wallafa bincikensa a kansu a 1923. Ya ƙiyasta cewa maza tsakanin 300,000 zuwa 500,000 masu irin wannan yawo ne ke ratsa birnin a shekara.

Yadda ake hawa, da abin da ke biyo baya

Ba a hawan jirgin kaya a tasha, domin nan masu gadi suke. Akan laɓe a bayan gari, daidai inda jirgi bai gama ɗaukar gudu ba, a bi shi a guje, a cafki tsanin ƙarfe da ke jikin tarago. Wanda hannunsa ya suɓuce ko ƙafarsa ta zame, ƙafafun jirgi ne ke karɓarsa. Asarar ƙafa ko hannu ta zama tambarin wannan rayuwa.

Mai sa'a shi ne wanda ya samu taragon da babu kaya kuma ƙofarsa a buɗe. Ko shi ma sai ya tokare ƙofar da ƙusar diga, don in ta rufe da girgizar tafiya ba a iya buɗe ta daga ciki, kuma ana iya ajiye taragon a wani jeji na tsawon kwanaki. Wasu kan kwanta a rufin tarago, inda hayaƙin kwal ke shaƙe mutum in an shiga ramin dutse. Masu ƙarfin hali kan shimfiɗa katako a kan sandunan ƙarfe da ke ƙarƙashin tarago, su kwanta tazarar 'yan kamu kaɗan daga tsakuwar diga, barci ya zama daidai da mutuwa.

Kamfanonin jiragen na da 'yan sandansu, waɗanda matafiyan suka laƙaba wa suna “bijimai”. Wani ya kori mutum kawai, wani ya yi masa dukan kawo wuƙa, wani ya karɓe 'yan kuɗin da ya yi wata guda yana tarawa a gona. Wanda aka miƙa wa hukuma kuwa, alƙali kan yanke masa kwana 30 ko fiye bisa laifin gararamba. A jihohin kudu, inda ake ɗaure fursunoni da sarƙa a kai su aikin hanya, wannan doka ta zama hanyar samun leburori kyauta, kuma baƙar fata ta fi ci.

A gefen gari, kusa da ruwa da layin dogo, suke kafa zangonsu, wanda suke kira “kurmi”. Kowa ya kawo abin da ya samo, dankali ko albasa ko ƙashi, a zuba a tukunya ɗaya. Ƙa'ida ce mutum ya wanke gwangwanin da ya yi girki da shi, ya kife shi don mai zuwa, ya kuma bar itacen wuta. A jikin tankunan da jirage ke tsayawa shan ruwa suke rubuta laƙabinsu da kwanan wata da inda suka dosa, ta nan abokai ke sanin labarin juna.

Marubuci Jack London ya ɗanɗana duk wannan yana ɗan shekara 18. A 1894, lokacin wani matsin tattalin arziki, wani ɗan kasuwa daga Ohio mai suna Jacob Coxey ya jagoranci marasa aiki zuwa Washington don neman gwamnati ta ƙirƙiro ayyukan gina hanyoyi. London ya bi ayarin da ya taso daga Kalifoniya. Coxey ya isa majalisa ranar 1 ga Mayu, aka kama shi, cikin tuhumar har da taka ciyawar harabar majalisa. London kuwa ya rabu da ayarin a hanya, aka kama shi a Niagara Falls, ya yi kwana 30 a gidan yarin da ke Buffalo. Ya ba da labarin a littafinsa na 1907.

Lokacin da yara suka cika taragai

Kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoban 1929. Zuwa 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aiki, wato mutum kusan miliyan 13. Bankuna suka rufe da ajiyar mutane, aka ƙwace gonaki da gidaje, wasu makarantu suka kulle saboda rashin albashin malamai. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: fari da guguwar ƙura suka afka wa filayen noma na tsakiyar ƙasar.

Fuskokin da ake gani a taragai suka sauya. Ban da tsofaffin 'yan hobo, sai ga magidanta, da masu takardun makaranta, da iyalai sukutum. An ƙiyasta cewa a tsakiyar wannan masifa matasa kimanin 250,000 ne ke yawo a kan layin dogo. Wani mai bincike daga Minnesota, Thomas Minehan, ya sa tsumma ya bi su, ya tattauna da ɗaruruwansu, ya fitar da littafi a 1934. Amsar da ya fi ji ita ce talauci ne ya fito da su. Yaro kan duba tukunyar gidansu ya ga in ya tafi ƙannensa za su samu ƙarin loma. 'Yan mata kan aske gashi su sa kayan maza don kare kansu.

Tsarin agajin Amurka na lokacin ya ƙara dagula lamarin. Tallafa wa matalauci haƙƙin ƙaramar hukuma ne da jiha, bisa dokokin da suka samo asali daga Ingila. Kafin mutum ya cancanci taimako sai ya shekara, a wasu jihohin ma fiye da haka, yana zaune a wurin. Wanda ya bar jiharsa ya daɗe kuma yana iya rasa haƙƙinsa a can. Ta haka ɗan ƙasa kan wayi gari babu jihar da ta yarda nata ne.

Abin da garuruwa suka saba yi shi ne su ba baƙo kwanon miya da wurin kwana na dare ɗaya ko biyu, da safe ɗan sanda ya raka shi bakin gari. Gari na gaba ma haka. Hukumomin da ke kukan yawaitar masu gararamba su ne kuma ke hana su tsayawa wuri ɗaya.

Da tarayya ta shigo, da ta fita

Franklin Roosevelt ya hau mulki a Maris 1933, kuma cikin makonni ya kafa rundunar matasa ta raya dazuzzuka, CCC. Tana ɗaukar samari marasa aure 'yan shekara 18 zuwa 25, ta ba su abinci da sutura da makwanci da dala 30 a wata, amma dala 25 kai tsaye ake aika wa iyalansu. Kafin a rufe ta a 1942, mutum kimanin miliyan uku sun ratsa ta, sun dasa itatuwa kimanin biliyan uku. Sai dai ta ofisoshin agaji na jihohi ake tantance masu shiga, don haka yaron da ke gida ya fi wanda ya riga ya bi jirgi samun gurbi.

Saboda waɗanda suka riga suka fita, hukumar agajin gaggawa ta tarayya ƙarƙashin Harry Hopkins ta buɗe wani shiri na musamman a 1933. Duk wanda bai cika wata 12 a jihar da yake ba, gwamnatin tarayya ce ke ɗaukar nauyinsa. Aka buɗe cibiyoyi da sansanoni a kusan kowace jiha, da gado da likita da ɗan aiki. Karon farko ke nan da Amurka ta amince cewa wanda babu jihar da ke son sa, haƙƙin tarayya ne.

Shirin bai yi tsawon rai ba. A 1935 gwamnati ta karkata ga manyan ayyukan ƙwadago, ta daina karɓar sababbin mutane a cibiyoyin, ta mayar wa jihohi ɗawainiyar. Dokar inshorar tsufa da aka sa wa hannu a wannan shekarar ma ta tsame ma'aikatan gona da na gida, wato mafi yawan masu bin girbi.

Sakamakon bai ɗau lokaci ba. A Fabrairun 1936 shugaban 'yan sandan Los Angeles, James Davis, ya tura jami'ai 136 zuwa iyakokin Kalifoniya, ɗaruruwan kilomita daga hurumin aikinsu, suna tsayar da motoci, suna binciken jiragen kaya, suna mayar da duk wanda ba shi da abin hannu. Jihar na kuma da dokar da ta haramta shigo da matalauci. A ƙarƙashinta aka hukunta wani mai suna Fred Edwards, wanda ya tafi Texas a ƙarshen 1939 ya ɗauko ɗan'uwan matarsa da ba shi da aiki. A Nuwamban 1941 Kotun Ƙoli ta soke dokar, ta ce babu jihar da ke da ikon rufe ƙofarta ga ɗan ƙasa don kawai talaka ne.

Makomar yaran Scottsboro

Sau biyu shari'arsu na zuwa Kotun Ƙoli. A 1932 kotun ta soke hukuncin saboda ba a ba su lauya na haƙiƙa ba, a 1935 kuma ta sake sokewa saboda an hana baƙar fata shiga cikin masu taya alƙali yanke hukunci. A tsakani, a 1933, ɗaya daga cikin matan, Ruby Bates, ta tsaya a gaban kotu ta ce babu fyaɗen da aka yi. Duk da haka Alabama ta ci gaba da gurfanar da su.

A 1937 aka sallami huɗu, bayan shekara shida a tsare. Haywood Patterson ya tsere daga kurkuku a 1948. Andy Wright bai fita gaba ɗaya ba sai 1950. Clarence Norris ya samu afuwa daga Gwamna George Wallace a 1976. Sauran ukun da hukunci ke kansu sai a 2013 aka yafe musu, dukkansu sun daɗe a kabari.

Dokokin gararamba kuwa sun ci gaba da aiki har 1972, lokacin da Kotun Ƙoli ta rushe ta birnin Jacksonville na Florida, bisa hujjar cewa ta ba ɗan sanda damar kama duk wanda ya ga dama. Mai Shari'a William Douglas ne ya rubuta hukuncin. A tarihin rayuwarsa, Douglas ya ba da labarin yadda shi ma ya bi jiragen kaya daga Jihar Washington a 1922 kan hanyarsa ta zuwa karatun lauya a New York.

Taragai sun sauya, rashin muhalli bai tafi ba

Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe marasa aiki zuwa soja da masana'antu. Injunan girbi suka maye gurbin hannaye. Jiragen dizal, waɗanda ba sa tsayawa shan ruwa kamar na kwal, suka karɓe layuka, sannan dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta mayar da tafiya kan kwalta. Yau kaya a rufaffun kwantenoni suke tafiya, tashoshi na da kyamarori, kuma jirgi ɗaya kan kai tsawon kilomita uku.

Har yanzu akwai masu hawa, ko da yake ba su da yawa: matasan da suka gudo daga gidajen da babu zaman lafiya, da waɗanda suka girma a hannun hukumar kula da yara, da masu fama da shaye-shaye ko larurar ƙwaƙwalwa, da kuma masu neman kasada kawai. Mai ɗaukar hoto Mike Brodie ya shafe shekaru tare da su, ya fitar da littafin hotuna a 2013. Garin Britt na Jihar Iowa, wanda ya fara karɓar taron 'yan hobo a 1900, na ci gaba da yin sa a watan Agusta, har da naɗin sarki da sarauniya, kuma a maƙabartar garin akwai sashen da aka keɓe musu.

Marasa muhallin Amurka na yau a tantuna da motoci da ƙarƙashin gadoji suka fi kwana. Ƙidayar da gwamnati ke yi a dare ɗaya cikin Janairu ta nuna mutum sama da 770,000 a 2024, ƙarin kusan kashi 18 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabace ta. A ranar 28 ga Yunin wannan shekarar, Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta ce garin Grants Pass na Oregon na da ikon hukunta masu kwana a fili.

Inda jirgin kaya ke ɗaukar talakawa da yawa a wannan zamani shi ne Meziko. 'Yan gudun hijira daga Honduras da Gwatamala da El Salbado, da 'yan Benezuwela a baya-bayan nan, kan hau rufin jiragen da suke kira La Bestia, wato Dabba, daga kudancin ƙasar zuwa iyakar Amurka. Haɗarin faɗowa na nan kamar na 1931, ga kuma 'yan daba masu karɓar kuɗi da garkuwa da mutane. A Satumban 2023 kamfanin Ferromex ya dakatar da jirage 60 saboda yawan masu hawa da mace-macen da aka samu.

Abin da ya shafi Najeriya

A nan gida jirgin kaya bai yi yawan da zai zama motar talaka ba, tirela ce ta ɗauki wannan matsayi. Matasan da ke zaune a kan buhunan hatsi ko a saman shanu daga Arewa zuwa Legas da Fatakwal, waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke yawan gargaɗi a kansu, dalilinsu ɗaya da na ɗan hobo: aikin na can, kuɗin mota babu.

Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so. Amma gurbin karatu da tallafi da aikin gwamnati sukan nemi takardar shaidar asalin jiha, kuma ba sau ɗaya ba an ga jihohi na kwashe mabarata da marasa galihu a mota zuwa jihohin da aka ce nan ne asalinsu. A Disamban 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da fatawar cewa dokokin gararamba, waɗanda ƙasashe da dama suka gada daga Turawan mulkin mallaka, sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar.

Duk jami'in da ke tsara rajistar masu cin gajiyar wani shiri na tarayya yana fuskantar matsalar da Hopkins ya fuskanta a 1933. Fom na neman adireshi da ƙaramar hukuma da sa hannun mai unguwa, alhali wanda ya fi kowa buƙata jiya a tashar Mararaba ya kwana, gobe kuma yana Zuba.

A ƙauyen La Patrona da ke Jihar Veracruz ta Meziko, a Fabrairun 1995, wasu 'yan'uwa mata na dawowa daga sayen burodi da madara sai mutanen da ke saman jirgi suka yi musu kiran yunwa. Suka jefa musu abin da ke hannunsu. Mahaifiyarsu ba ta yi faɗa ba, washegari ma da ita aka ɗora tukunya. Daga nan matan ƙauyen suka riƙa dafa shinkafa da wake suna ƙullawa a leda, suna ɗaure gorunan ruwa da igiya, su tsaya a bakin diga su miƙa wa jirgin da ba ya tsayawa. A 2013 gwamnatin Meziko ta ba jagorarsu, Norma Romero, lambar yabo ta ƙasa kan kare haƙƙin ɗan Adam, shekara 18 bayan burodin farko.